Jiragen feshin jan-baki: Haɗarin da ke jiran matuƙi bayan taya ta taɓa ƙasa

Duk lokacin da shinkafa ta fara ɗaukar ido a fadamun Wurno da Rabah da Goronyo, hankalin manoma kan koma sama. Tsuntsayen jan-baki na sauka dubbai, kuma duk da cewa nauyin ɗaya bai wuce giram 20 ba, garkensu kan cinye gona cikin 'yan kwanaki. Idan gwangwani da majajjawa suka gaza, sai a zuba ido ga jirgin feshi da gwamnati ke turowa.

Ana yin feshin ne da magariba, lokacin da tsuntsayen suka taru a makwancinsu. Jirgin na tafiya ƙasa-ƙasa, saman itatuwa da ciyayin bakin Gulbin Rima, wanda aka kammala gina madatsar Goronyo a kansa a 1984. Mai kallo zai ɗauka nan haɗarin ya ƙare. Amma akwai wani da ke jiran matuƙi a kan titin sauka.

Dalilin yana cikin ƙirar jirgin. Yawancin jiragen feshi, irin su Air Tractor da Thrush na Amurka, manyan tayoyi biyu ne da su a gaba, sai ƙaramar taya ɗaya ƙarƙashin wutsiya. Wannan ƙira na ɗaga hancin jirgi, ta nisanta farfela da tsakuwa, don haka ta dace da filin da ba kwalta.

Sai dai tsakiyar nauyin jirgin na bayan manyan tayoyin ne. A kwatanta shi da Keke Napep da ke gudu da baya: da zarar ta ɗan karkace, nauyinta zai ƙara fizgar ta gefe maimakon ya daidaita ta. Haka jirgin yake. Idan hancinsa ya kauce kaɗan, sai wutsiya ta nemi wuce kai, cikin daƙiƙa biyu ko uku ya juya kamar katantanwa. Fiffike kan daki ƙasa, ƙafar taya ta karye, wani lokaci har farfela ta lanƙwashe.

Babban abin da ke haddasa hakan shi ne iskar da ke bugowa daga gefe, irin ta hunturu ko guguwar farkon damina. Tana tura wutsiya, jirgin ya juya hanci wajen da take fitowa. Matuƙi na gyara wannan da ƙafafunsa, ta hanyar allon da ke tsaye a wutsiya. To amma allon da iska yake aiki: gudu na raguwa, ƙarfinsa na raguwa. Idan kuma matuƙin ya firgita ya danne birki da ƙarfi, jirgin na iya kifawa ta hanci. Ga duhun magariba, ga gajiya.

Shi ya sa tun watan Afrilun 1991 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta wajabta wa sabbin matuƙa horo na musamman da sa hannun malami kafin su tuƙa irin wannan jirgi. Abin da ake koya musu shi ne su sauka a miƙe, su danne tayar wutsiya a ƙasa, su yi ƙananan gyare-gyare da wuri, idan saukar ta ƙi daɗi kuma su ƙara wuta su tashi su sake zagayowa.

Irin wannan haɗari bai cika cin rai ba, tunda gudun ya riga ya ragu. Amma jirgin da ya karya ƙafa a filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato sai ya jira kayan gyara daga waje. Jan-baki kuwa ba ya jira, kuma manomin da ya ci bashin taki da fetur ɗin ban-ruwa shi zai biya kuɗin wannan jinkiri.