Wuni Guda Cikin Jirgin Iska A Tsibiran Lamu

'Yan'uwa mata, mu mutanen Bugaje ba mu san wani babban ruwa ba in ba madatsar Jibiya ba, sai kuwa gulbi in ya kawo da damina. Saboda haka yau zan ba ku labarin wunin da muka yi ni da mai gidana a kan teku, a ƙasar Kenya, cikin jirgin da ba shi da inji, iska kaɗai ke kora shi.

Lamu tsibiri ne, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye ta ko ta ina. Kusa da shi akwai waɗansu tsibiran, Manda da Pate. Mutanen wurin Musulmi ne, harshensu Sawahili. Lungunan garin ƙanana ne, mota ba ta ratsa su, jakuna ke dakon kaya kamar a hanyar kasuwar Jibiya. A 2001 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya.

Jirgin na katako ne, masassaƙan ƙauyen Matondoni sun shahara da yin irinsa. A tsakiyarsa an kafa dogon itace, an ɗaura masa wani makeken farin zane mai kusurwa uku, su suna ce da shi tanga. In iska ta cika zanen sai jirgi ya zabura. Irin wannan jirgi ne waɗansu alhazanmu na dā, masu tafiya Makka ta ƙasa, suka riƙa shiga a Sawakin su ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda.

Muka tashi bayan sallar asuba. Sarkin jirgi, wanda suke kira nahodha, ya dubi sama, ya dubi ruwa, sa'an nan ya ce a saki igiya. Iskokinsu biyu ne. Daga wajen Disamba zuwa Maris akwai kaskazi, mai zuwa daga arewa maso gabas kamar hunturunmu, sai dai babu ƙura. Sa'an nan kusi ta karɓa daga kudu, ita ta fi ƙarfi. Mu lokacin kaskazi muka je.

Kai, zaman jirgin nan akwai daɗi! Ba ƙarar inji, ba warin mai, sai motsin ruwa a jikin katako. Aka shimfiɗa mana tabarma a inuwar zanen, aka kawo gahawa mai citta da wani abu kamar fanke, mahamri sunansa. Ni da na saba tun da duku-duku ina bakin murhu, sai ga ni zaune na miƙe ƙafa, maza na dafa mini abinci. Har kunya ta kama ni.

Da hantsi yaran jirgi suka jefa ƙugiya suka kamo kifi, suka gasa a kaskon gawayi da lemun tsami da barkono. Shinkafar kuwa da ruwan kwakwar Attagara aka dafa ta: a kankare kwakwar, a zuba ruwan ɗumi, a matse, a tace, a dafa shinkafa cikin farin ruwan nan. Ba ta bukatar mai. Duk wadda ta sami kwakwa a kasuwar Katsina ta jarraba.

To, a nan ne na yi abin kunya. Da muka gama ci, na ce ba zan zauna haka kawai ba, na ɗauki kwanoni, na buɗe jarka na fara wanke-wanke. Sai yaron jirgi ya taso da sauri ya ce, "Mama, na sha ne!" Ashe ruwan teku gishiri ne zalla, wanda ya sha shi ƙishirwa za ta ƙaru masa. Abin da ke cikin jarkunan nan shi ke nan ruwan shanmu duka har mu komo, kuma in iska ta ɗauke, ba wanda ya san sa'ar komowa. Su da ruwan teku suke wanke kwano da alwala, gama mai tsarki ne. Na tuna yadda muke tattalin tulu a watan bazara in rijiya ta ja baya. Ban taɓa zaton zan yi wannan tattali ina bisa ruwa ba.

Da azahar muka nufi Takwa, wani kufai a tsibirin Manda. Hanyar wata siririyar mashiga ce tsakanin itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, ba ta shiguwa sai teku ta cika. Ku 'yan makaranta ku riƙe wannan: teku tana cika tana janyewa sau biyu a kwana guda, wata ne kuwa ke jan ta. Muka jira wajen sa'a guda, ba wanda ya yi tsaki.

An kafa Takwa wajen shekara ta 1500, gari na dutse mai ganuwa da babban masallaci. Wajen 1700 mutanensa suka watse, da yawa suka koma Shela a tsibirin Lamu, kuma abin da masu binciken tarihi suka fi ambata shi ne rijiyoyin garin sun koma gishiri. Na leƙa wata rijiyar, na daɗe a tsaye. Da za mu yi salla na juya gabas yadda na saba, sai aka juyo da ni, gama alƙiblarsu arewa take.

Da la'asar sakaliya iska ta yi sanyi, jirgi ya riƙa tafiya kamar raƙumi mai kiwo. Muka iso Lamu ana kiran magariba, da saura jarka guda ba a buɗe ba.