Ko Kun Sani?

Ko kun san gasa ce ta fara haɗa masu karatun Hausa da gwaninsu Abubakar Imam? A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya nemi malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Imam, yana ɗan shekara 22, ya aika da Ruwan Bagaja. Yayansa Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma ya rubuta Shaihu Umar, tun kafin ya zama Firayim Minista. Da aka buga su, a aji ɗalibai suka fara cin karo da littattafan, daga nan suka shiga gidaje hannu zuwa hannu. Mai karatu, in littafi ya burge ka, ara wa maƙwabcinka.