Algol

Algol, wanda masana taurari ke kira Beta Persei, tauraro ne da ke cikin rukunin taurarin Perseus, a nisan kimanin shekarun haske 90 daga duniya. Ido yana ganinsa kamar tauraro ɗaya, amma taurari uku ne. Biyu daga cikinsu suna zagaya juna kurkusa, kuma duk bayan kwana 2 da awa 20 da minti 49 ɗayan yakan gitta ta gaban ɗayan ya tare haskensa. Shi ne sanannen misali na taurari biyu masu yi wa juna kusufi waɗanda nauyinsu ya bambanta ƙwarai.

Suna

Sunan ya fito ne daga Larabci, "ra'as al-ghul", wato kan dodo. Girkawan da sun ɗauki wannan tauraro a matsayin kan Medusa da jarumi Perseus ya sare, Larabawa kuma suka fassara Medusa da nasu dodon. Turawa sun ɗauki kalmar haɗe da "al" ɗinta, kamar yadda Hausa ta yi a alƙalami da albasa.

Yadda kusufin ke faruwa

Tauraro na farko fari ne mai ratsin shuɗi, zafinsa ya kai kimanin digiri 13,000 a ma'aunin Kelvin, nauyinsa kuma ya ninka na rana sau uku da 'yan kai. Na biyun ja-ja ne, zafinsa kimanin digiri 4,500, nauyinsa kashi 70 cikin 100 na nauyin rana. Ke nan na farkon ya ninka shi nauyi fiye da sau huɗu. Sai dai mara nauyin ya fi faɗi: ya ninka rana faɗi kimanin sau uku da rabi, alhali abokinsa bai kai sau uku ba. Tazarar da ke tsakaninsu kusan kilomita miliyan 9 ce, abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na nisan duniya da rana ba.

Idan mai faɗin, wanda haskensa ba shi da ƙarfi, ya shiga gaban mai zafin, hasken Algol yakan ragu zuwa kusan sulusi. Raguwar da dawowar kan ɗauki kimanin awa 10. Idan kuma mai zafin ne ya shiga gaba, raguwar kaɗan ce, ido ba ya gane ta. Tauraro na uku yana can nesa, yana zagaya biyun sau ɗaya a kimanin kwana 680, ba ruwansa da kusufin.

Tarihin bincike

Geminiano Montanari, ɗan ƙasar Italiya, ya lura a shekarar 1667 cewa hasken tauraron yana canzawa. A 1783 John Goodricke, wani matashi kurma da ke zaune a garin York na Ingila, ya auna lokacin da canjin ke maimaita kansa, ya kuma kawo shawarar cewa wani abu mai duhu ne ke gittawa. Shekarunsa 18 a lokacin, kuma aikin ya sa an ba shi lambar yabo ta Copley. An fi shekara ɗari kafin a tabbatar da maganarsa. A 1889 Hermann Carl Vogel, a Potsdam ta Jamus, ya rarraba hasken Algol zuwa launuka, ya ga alamar cewa tauraron yana matsowa yana kuma ja da baya daidai da lokacin kusufin. A 1910 Joel Stebbins na Amurka ya gano ƙaramin kusufin da na'urar auna haske.

Matsalar Algol

A ƙa'idar rayuwar taurari, wanda ya fi nauyi shi ke saurin ƙone haidirojin ɗinsa, shi ke fara tsufa ya kumbura. Taurarin Algol tare aka haife su, don haka mai nauyin ya kamata ya riga tsufa. Amma akasin haka ake gani: mara nauyin ne ya tsufa ya kumbura, mai nauyin kuwa yana kan ganiyarsa. Wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai.

Amsar da aka amince da ita tun daga shekarun 1950, wadda John Crawford ya gabatar a 1955, ita ce tauraron da yake mara nauyi yanzu shi ne mai nauyin a da. Da ya tsufa ya kumbura, sai ya cika iyakar da ƙarfin janyowarsa ke iya riƙe iskar gas, iyakar da ake danganta wa Édouard Roche na Faransa. Abin da ya wuce iyakar sai ya riƙa kwarara zuwa ga abokinsa, har mafi yawan nauyin ya koma can. Har yanzu gas na kwarara, ko da yake kaɗan-kaɗan. Saboda haka bambancin nauyin da ake gani a yau ba da shi aka haife su ba.

Wasu misalai

Akwai inda bambancin ya fi na Algol nisa, kuma ba ta hanyar kwararar gas ba. A 2017 aka sanar da gano EBLM J0555-57Ab, wani ɗan ƙaramin tauraro da girmansa bai wuce na Zuhal, duniyar nan mai zobe, ba. Yana zagaya wani tauraro mai kama da rana a ƙasa da kwana 8, kuma babban ya ninka shi nauyi fiye da sau goma. Masu neman duniyoyi ne suka ci karo da shi, domin raguwar hasken da yake jawowa tana kama da ta duniya. Sai da aka auna nauyinsa aka san tauraro ne. Amfanin irin waɗannan taurari ke nan ga masana: kusufi yana nuna faɗin kowanne, motsinsu kuma yana nuna nauyi.

Ganinsa

Ana ganin Algol da ido ba tare da na'ura ba. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar yana bayyana da daddare a watannin sanyi, arewa da taurarin da ake kira Kaza da 'Ya'yanta, in dai hazo bai rufe sama ba. Hanya mafi sauƙi ta gane kusufin ita ce a riƙa kwatanta haskensa da na taurarin da ke kusa da shi, dare bayan dare.