Kimiyya da Fasaha: Ƙaramar guguwa cikin maganaɗisu

 A yau za mu duba wata aba ce da masana ke kira sikirmiyon, wadda ta samo sunanta daga Tony Skyrme, wani masani ɗan Ingila.

To, da farko dai, kowace ƙwayar lantarki, wato ilektaron, tamkar wani ɗan mitsitsin maganaɗisu ce mai kai da gindi, kamar allurar kamfas. A cikin maganaɗisun da muka saba gani, alluran nan duk wuri ɗaya suke fuskanta. Amma akwai wasu ma'adinai da tsarin jikinsu ke da dama da hagu, kamar tafin hannu. A cikinsu kowace allura takan ɗan karkace daga maƙwabciyarta, har su murɗe kamar saƙar faifai: ta tsakiya na kallon ƙasa, na gefe na kallon sama. Wannan murɗin shi ne sikirmiyon, kuma kamar ƙulli yake, ba ya kwancewa da sauƙi.

A shekarar 2009 ne Christian Pfleiderer da abokan aikinsa na Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus suka fara gano shi a wani haɗin manganis da silikon, cikin sanyin da ya kai kusan digiri 244 ƙasa da sifiri. Faɗin kowane ɗaya kuwa bai wuce wajen nanomita 18 ba.

To me ke faruwa in an sako wuta? Ilektaron da ta ratsa guguwar, sai allurarta ta riƙa juyawa tana bin na cikin guguwar. Juyin nan kan kautar da ita gefe, sai ka ce wani ƙarfin maganaɗisu na dabam ne ya ture ta. Ana iya auna wannan kaucewa, kuma ta haka ake gane cewa sikirmiyon na wurin. Ita ma ilektaron ɗin takan ture guguwar, kamar yadda ruwa ke tafiya da kwalekwale. A 2010 masanan na Munik sun nuna cewa wutar da ake buƙata ta gaza wadda ke motsa iyakokin maganaɗisu na yau da kullum har sau kusan 100,000.

Amfanin ke nan. Hukumar makamashi ta duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 cibiyoyin ajiyar bayanan kwamfuta sun sha kimanin kashi 1.5 cikin ɗari na wutar duniya. A 2013 Albert Fert na Faransa, wanda ya ci lambar Nobel a 2007, ya ba da shawarar a jera sikirmiyon a kan siririyar hanya domin adana bayanai da wuta kaɗan.

Sai dai da sauran aiki. Guguwar ba ta tafiya ɗoɗar, takan zame gefe, in ta bugi bakin hanyar kuma ta ɓace da saƙon da take ɗauke da shi. Masu sauraronmu na Flatbush a birnin New York, binciken na kusa da ku: a Jami'ar New York, Farfesa Andrew Kent da ɗalibansa sun yi gwaje-gwaje da haɗin kobalt da gadoliniyam, inda alluran ma'adinan biyu ke fuskantar saɓanin juna, abin da ke rage zamewar.