Wasu Tambayoyi Game da Haƙƙin Wanda Ake Tuhuma da Mai Tuƙi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Mutane da yawa suna kwana a ofishin 'yan sanda, ko su biya kuɗin da bai kamata ba, saboda kawai ba su san abin da doka ta tanada ba. Wannan maƙala za ta amsa wasu tambayoyi da aka fi yi a kan haka.

Har yaushe za a tsare mutum?

Sashe na 35 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce a kai wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Idan babu, cikin kwana biyu. Yana kuma da damar yin shiru har sai ya gana da lauya. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka yi irin tasu, ta hana kama wani a madadin wani, kamar uba saboda laifin ɗansa. Ta kuma hana kama mutum a kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki.

Ana sayen beli?

A'a. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne, kuma mace tana iya tsaya wa mutum kamar yadda namiji yake yi. Beli ba ya nufin an sallami mutum. Alkawari ne cewa zai dawo ranar da aka neme shi.

Idan mutum ba ya jin Turanci fa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi shafar mu ɗaliban harshe. Tsarin Mulki ya ce a sanar da wanda aka kama dalilin kama shi a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake fahimta. Sashe na 36 kuma ya ba shi tafinta kyauta a kotu. A ɗauki misalin direban babbar mota da ya kawo tumatir daga Kano zuwa Legas, aka gurfanar da shi gaban majistare. Idan aka tambaye shi ko ya amsa laifinsa, yana iya cewa "na ji", ma'ana ya saurara. Tafintan da bai ƙware ba zai iya fassara wannan da cewa ya amsa laifi, alhali kuwa doka tana ɗaukar kowa a matsayin marar laifi har sai an tabbatar. Saboda haka kada mutum ya sa hannu a kan bayanin da ba a karanta masa da harshensa ba.

Me ake nema daga mai tuƙi?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ce ke kula da manyan hanyoyi. Dole ne direba ya kai shekara 18, ya riƙe lasisin tuƙi da takardun mota da inshora, ya kuma ɗaura bel. Tuƙi cikin maye da amsa waya a kan sitiyari laifi ne. Idan aka ba shi takardar tara, a asusun gwamnati zai biya. Ba a miƙa wa jami'i a hannu, domin mai ba da cin hanci da mai karɓa duk masu laifi ne. Wanda bai yarda ya yi laifi ba yana iya kare kansa a kotu.

Kammalawa

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya yana iya neman taimakon hukumar ba da agajin shari'a ta gwamnatin tarayya. Mu kuwa da muke nazarin Hausa, ya kamata mu ƙware a kan kalmomin shari'a, domin wata rana 'yancin wani zai dogara a kan fassararmu.