Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa: Lissafin Windows Ɗin Sata Da Linux Na Kyauta

Duk wanda ya taɓa sayen kwamfuta ta hannu a kasuwar Farm Centre ta Kano, ko Computer Village ta Ikeja, ya san yadda cinikin yake ƙarewa. Mai gyara zai soka filashi, cikin rabin awa Windows da Office sun hau, a ba shi ɗan abin da ya sawwaƙa. Ba mai zancen lasisi. Da yawa daga masu sayen ma ba su san akwai wani abu mai suna haka ba.

Alƙaluman da ƙungiyar kamfanonin manhaja ta BSA ta fitar a 2018 sun ce kashi 80 cikin 100 na manhajojin da ke kwamfutocin Najeriya ba su da lasisi, alhali a duniya baki ɗaya kashi 37 ne. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Windows 11 na gida dala 139 ne, wato kusan albashin wata uku ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Sai dai kayan sata ma da kuɗinsu, biyan ne kawai yake zuwa daga baya. Wanda ya fasa makullin manhaja ya baza ta a intanet ba sadaka yake yi ba, sau tari yakan cusa wata ɓoyayyiyar manhaja mai kwashe lambobin sirri. Masu gyara kuma kan kashe sabuntawa don kada asiri ya tonu, kwamfuta ta zauna kamar gidan da ba ƙyaure. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, duk da cewa Microsoft ya fitar da maganin ramin da cutar ta bi tun watan Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ne suka ji jiki. A Ingila kaɗai an soke ganin likita kusan 19,000 a asibitocin gwamnati.

To me ya hana a rungumi Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a Finland a 1991, kuma kowa ke da damar sauke shi da rarraba shi bisa halal?

Amsar tana cikin wata magana da Bill Gates na Microsoft ya yi a 1998 kan masu kwafar manhaja a Sin. Ya nuna cewa tun da dai za su sata, gara su saci nasa, in sun saba a karɓi kuɗi daga baya. Gaskiyar kenan mai ɗaci: satar ta fi cutar da Linux a kan yadda ta cutar da Microsoft. Muddin Windows bai fi kuɗin shayi ba a kasuwa, kalmar kyauta ba ta burge kowa. Yaro ya koya a kan Windows a makaranta, ya tarar da shi a shagon buga takardu, ya girma bai san wani ba. Kokawar kama yara tun suna ƙanana ta taɓa isowa Najeriya a 2007, lokacin da kamfanin Mandriva na Faransa ya sami kwangilar saka Linux a ƙananan kwamfutocin ɗalibai 17,000, sai ga labarin za a goge shi a saka Windows, har shugaban Mandriva ya rubuta wa shugaban Microsoft na lokacin, Steve Ballmer, buɗaɗɗiyar wasiƙa.

Shi ma Linux ɗin ba banza ba ne. Birnin Munich na Jamus ya yanke shawarar komawa gare shi a 2003, ya shafe shekara goma yana sauya kwamfutoci kusan 15,000, amma a 2017 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows. Ma'aikata sun yi ta ƙorafi kan takardun da ke rikicewa in an yi musaya da wasu ofisoshi. Jandarmomin Faransa kuwa sun bi a sannu. Sai da suka sabar wa ma'aikata da Firefox da OpenOffice a kan Windows kafin su ɗora nasu samfurin Linux na Ubuntu, kuma har yau suna kai. Jihar Kerala ta Indiya ta bi ta makarantu, ta horar da malamai. Inda aka ci nasara, kuɗin da ba a kashe wa lasisi ba an kashe shi ne wajen koyar da mutane, kuma wannan kuɗin a cikin gida yake zama.

Maganar ta zama ta gaggawa. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Irin su ne suka cika makarantu da shagunanmu, kuma mafi yawansu za su ɗauki Linux Mint ko Ubuntu ba tare da tangarɗa ba.

Kira ga ma'aikatun ilimi na jihohinmu da shugabannin kasuwannin kwamfuta: ofishin da aikinsa ke buƙatar Windows ya saya da lasisi, a sa shi cikin kasafi. Ɗakunan kwamfuta na makarantu kuma a fara da horar da malamai da masu gyara a kan Linux kafin a sayo ko da na'ura guda.