Rakiyar mazan jiya zuwa makwancinsu

Hirarmu ta yau ta shafi mutanen Ɗan Kassari da ƙauyukanta, da na Dogon Dutsi da Tibiri, da kowane gari inda tsohon soja yake zaune.

Kai mai karatu, duba unguwarku. Wataƙila akwai wani dattijo da ake kira Sarjan, ko da yake ya daɗe da tuɓe kaki. Ranar 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba yakan maƙala lambobinsa a ƙirji, ya fito filin biki. Sauran ranaku yana gonarsa ko gindin bishiya kamar kowa. To, ranar da Allah ya karɓi ransa, wa zai tuna cewa ya taɓa ɗaukar bindiga? Wa zai tsaya ya faɗa wa ƴaƴansa da jikokinsa inda ya je da abin da ya gani?

Su wane ne mazan jiya?

Mazan jiyanmu kashi biyu ne.

Kashi na farko su ne waɗanda suka yi aiki a rundunar Faransa zamanin mulkin mallaka. An kafa rundunar baƙaƙen sojoji a Senegal a 1857, daga baya aka riƙa ɗibar samari daga duk ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, har da tamu. Waɗansu sun shiga da son ransu, da yawa kuwa kamo su aka yi. Sun yi yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918, da na 1939 zuwa 1945, da yaƙin Indoshin da ya ƙare a 1954, da na Aljeriya da ya ƙare a 1962. Marigayi Janar Seyni Kountché ma ya yi Indoshin da Aljeriya. Yi lissafi da kanka: wanda ya shiga soja yana da shekara 18 a 1960, yau ya haura 80. Ka ga ke nan saura kaɗan suka rage.

Waɗannan dattawa sun sha haƙuri. Wata dokar Faransa ta 1959 ta daskarar da kuɗin fanshonsu, na abokan yaƙinsu Faransawa yana ta hawa, nasu yana tsaye wuri ɗaya. Sai a 2011 aka kammala daidaita shi, bayan yawancinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Kashi na biyu su ne na rundunar ƙasarmu, wadda aka kafa a 1961, tare da jandarmomi da sauran masu kaki. Cikinsu akwai waɗanda suka je Saudiyya lokacin yaƙin Tekun Fasha na 1990 zuwa 1991, da waɗanda suka je Mali a 2013, da waɗanda suka tsare Diffa daga 2015. Suna gama aiki, da yawa garuruwansu suke komawa.

Mece ce rakiyar soja?

Idan soja ya rasu a bakin aiki, rundunar da kanta take yi masa bankwana. Ana lulluɓe gawa da tutar ƙasa. Sojoji su jeru, su sara masa. Wani babba ya karanta sunansa da aikin da ya yi, a busa begila, a yi shiru, sa'an nan malamai su yi salla. Haka aka yi a Yamai a watan Disamba 2019, a sansanin sojan sama na 101, ga sojoji 71 da aka kashe a Inates.

Kowane abu a nan yana da ma'ana. Tuta tana nuna cewa mamacin ba na danginsa kaɗai ba ne, ƙasa ma ta yi rashi. Sarawa gaisuwa ce ta ƙarshe. Karanta tarihinsa kuwa shaida ce a gaban jama'a, don kada aikinsa ya shiga rami tare da shi.

Amma tsohon sojan da ya rasu a gidansa, a Bagaji ko Lugu ko wani ƙauye da ke nesa da kwalta, shekara 30 bayan ya bar aiki, labarinsa daban ne. Bariki yana nesa. Mu kuwa ba ma ajiye gawa: wanda ya rasu da safe, kafin la'asar an kai shi. Idan mutanen gari ba su tashi ba, babu mai yi.

Yadda waɗansu ƙasashe suke yi

Ba mu kaɗai muke da wannan damuwa ba. A Amurka, tun shekarar 2000 doka ta ce duk tsohon sojan da ya cancanta, in iyalinsa sun nema, sai an aiko aƙalla sojoji biyu cikin kaki zuwa jana'izarsa. Su naɗe tuta, su miƙa wa iyali, a busa begila. Amma mutum biyu ba sa cika sahu. Saboda haka tsofaffin sojoji na ƙungiyoyi irin su American Legion, wadda aka kafa a 1919, suke haɗa kansu gari gari. Su ne masu riƙe tutoci, su ne masu harba bindiga sama sau uku. Ba a biyansu albashi, kuma da yawansu su ma tsofaffi ne.

A Faransa akwai masu riƙon tuta, su ma ƴan sa kai. Idan ɗan ƙungiyarsu ya rasu, su zo da tuta, su sunkuyar da ita a gaban gawa. A can ne kuma, a garin Chasselay kusa da Lyon, wani Bafaranshe mai suna Jean Marchiani ya tsaya tsayin daka har aka gina maƙabarta mai jan bango irin ginin ƙasashenmu, aka buɗe ta a 1942. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ne suke kwance a ciki, waɗanda Jamusawa suka kashe a watan Yuni 1940. Waɗansu daga cikinsu ko sunansu ba a sani ba.

Abin lura shi ne, ko a ƙasashe masu arziki, mafi yawan wannan aiki ba na kuɗi ba ne. Mutane ne suke ba da ƙafarsu da lokacinsu.

Addini ne a gaba

Wani zai ce: ai mamaci ba ya bukatar tuta, addu'a yake bukata. Gaskiya ne. Wanka da likkafani da salla mai kabbara huɗu da binnewa su ne haƙƙin Musulmi a kan ƴan'uwansa, kuma babu abin da zai shiga gabansu. Ba a jinkirta gawa don jiran tuta. Ba a sa tuta cikin kabari: a kan makara ake shimfiɗa ta, a ɗauke kafin a sa shi. Liman ne mai jagora, shi da iyalan mamaci. Idan mamacin Kirista ne, ko mai riƙe da al'adar kakanni, a bi tsarin mutanensa. Idan iyali ba sa so, a bar musu.

Rakiyar soja ta masu rai ce. Yaron da ya ga dattawa sun jeru sun sara wa kakansa ba zai manta ba. Saurayin da yake bakin daga a yau, in ya ji yadda garinsu ya raka tsohon soja, ya san shi ma ba za a yar da shi ba.

Abin da za mu iya yi

Na ɗaya, tsofaffin masu kaki na kowace gunduma su san juna. A rubuta sunan kowa a littafi ɗaya, da ƙauyensa, da shekarar da ya shiga aiki da wadda ya fita, da wuraren da ya je. A yi wannan tun yana da rai, yana iya faɗa da bakinsa.

Na biyu, a zaɓi mutum biyu ko uku masu ɗan ƙarfi, waɗanda za a kira da zarar an yi rasuwa. Su ne za su sanar da sauran, su sanar da mai gari da magajin gari da jandarmomi mafi kusa.

Na uku, a ajiye tuta ɗaya mai tsabta a hannun amintacce. Ruwan goro a sama, fari a tsakiya, tsanwa a ƙasa. Kada a bari ta taɓa ƙasa.

Na huɗu, babu harbi. Harbin girmamawa aikin runduna ne, da izini. A wannan zamani ƙarar bindiga a ƙauye tsoro take kawowa. Tsayuwa a sahu da sarawa da ɗaukar makara sun isa.

Na biyar, waɗanda labari bai kai musu da wuri ba su zo ranar sadakar uku ko ta arba'in. Nan ne ya dace wani ya tashi ya karanta tarihin mamacin a taƙaice.

Na shida, ku kula da takardu. Littafin aikin soja, da katin tsohon soja, da takardun fansho, da lambobin girma, a haɗa su wuri ɗaya inda gara da ruwa ba za su kai ba. A je ma'aikatar magajin gari a yi takardar mutuwa ba da ɓata lokaci ba. Akwai kuɗin da yake tsayawa ranar rasuwa, akwai wanda mata da marayu suke da rabo a ciki, kuma takardu ne suke bambance su. Matar mamaci tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, ba za ta iya zirga-zirga ba. Abokan mijinta su ne ya kamata su ɗauki takardun su bi sawu, har ofishin kula da tsofaffin sojoji na Yamai in ta kama. Rakiya ba ta ƙarewa a bakin kabari.

Tambayoyin tattaunawa

Tsofaffin sojoji nawa ne a garinku? Wa ya san inda kowannensu ya yi aiki? Na ƙarshe da ya rasu, yaya aka raka shi, kuma ina takardunsa suke yanzu?

Ku tattauna a tsakaninku. Wanda yake da tsohon soja a maƙwabta, ya je ya gaishe shi cikin makon nan, ya tafi da alƙalami da takarda. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Sai mun sake saduwa.